Nonon Uwar Illo

"Juya mishi ɗayan," in ji Inna Atika.

Dijatu ta ɗaga kai. Tana zaune a kan turmin da aka kifa a inuwar rumbu, Hayatu jikan gidan yana kan cinyarta, ya riga ya tsotse nonon dama har ya saki. Ɗanta na cikinta, Illo, yana zaune a ƙasa kan tsumma, ya kama bakin zaninta yana jiran nasa.

"Inna, na hagu na Illo na."

"Wa ya raba? Alƙali? Juya mishi, ba ki ga maigidana bai ƙoshi ba?"

Maigidan nata shi ne Hayatu, wasan kaka da jika. Dijatu ta juya shi. Ya kama, ya lumshe ido, ƙafarsa mai tsoka tana shurin iska. Da ya gama Inna ta ɗauke shi ta saɓa a kafaɗa tana yi masa kirari, aka bar wa Illo fata. Ya ja, ya ja, ya saki ya dubi uwarsa, ya sake kamawa.

Ba haka aka soma ba. Farkon daminar bara ne Adarawa, mutanen ƙasar Adar, suka shigo Sakkwato ta Ƙofar Kware da jakunansu da tabarminsu, sun gudo wa aikin tilas na Faransa. A lokacin rumbuna cike suke, gonaki kuma suna jiran hannu. Unguwarmu ta fito kamar ana tarbar alhazai. Malam Siddiƙu ɗan Inna Atika, mai karantarwa a zaurensa, ya fi kowa zaƙin baki. Ya ce waɗannan muhajirai ne, mu kuma mutanen Madina, wanda ya ba su ruwa ya sami inuwa gobe ƙiyama. Kafin a jima mazan suna duƙe da hauya a gonakin mutanen Madina, ladansu tuwo da godiya.

Dijatu ta zo da jinjiri a baya, ba miji, Faransa sun ɗauke shi dako tun tana da ciki bai dawo ba. A daidai lokacin Sadiyatu matar Malam ta haifi ɗan fari. Unguwarzoma ta tatsi nononta a ludayi, ta jefa tururuwa a ciki kamar yadda aka saba. Tururuwar ba su fito ba, aka yanke cewa nonon mugu ne, zai kashe yaro. Ba wanda ya tsaya ya tambaya ko an taɓa ganin tururuwar da ta iya iyo. Inna Atika da ƙafarta ta je ta kamo hannun Dijatu. "Ɗiyata, Allah ya kawo ki. Na dama na Hayatu, na hagu na Illo, tagwaye munka samu." Ta ba ta sabon zane, ta dama mata kunun kanwa da hannunta. Nonon Sadiyatu kuwa aka bar shi ya ƙafe.

Sai ruwa ya ɗauke gero bai fid da kai ba. Aka yi kaka da suna kawai. Kafin bazara ta shigo mutanen ƙauye suna tonon gidan tururuwa suna neman ƙwaya.

Yunwar ba ta shiga gidan Malam Siddiƙu ba, a ƙofa ta tsaya, don yana da rumbun tsohon gero da ba a ko fasa ba. Tsoronta ne ya shiga. Inna ta karɓe awo daga hannun Sadiyatu, ta rage na kowa kaɗan, ta rage na Dijatu da yawa. Duk macen da ta taɓa goyo ta san abin da ke biyo baya: nonon da ke ishin yara biyu ya koma bai ishi ɗaya da rabi ba. Inna ta lura maigidanta yana saki yana ƙunƙuni, sai ta yi gyara irin nata. Ta mayar wa Dijatu fura mai kauri safe da yamma, amma a gabanta za a sha, kuma Hayatu ne farko a dama da hagu. Illo aka yanka masa kunun dussa, tsararo, wanda in ka duba kana ganin gindin ƙwarya.

Dijatu ta samo dabara. In ta kai kurɓin ƙarshe sai ta riƙe shi a kunci, ta sunkuyar da kai ta ɗauki Illo ta zagaya bayan rumbu, ta haɗa bakinta da nasa ta ɗura masa, kamar yadda tantabara ke yi wa 'ya'yanta. Ta yi haka har ranar da Inna ta ga farin fura a haɓar yaron.

Da yamma Dijatu ta shanye ta miƙa ƙwarya, za ta tashi.

"Zauna. Ba a yi miki tarbiyya ƙasarku ba? In an ci abinci mi aka cewa?"

Dijatu ta zauna, kunci a cike.

"Ce alhamdu lillahi. Da ƙarhi, in jiya."

Dijatu ta haɗiye. "Alhamdu lillahi."

"Yauwa. Kullum haka za ki riƙa yi. Gidan malamai kike."

Tun daga ranar ba a taɓa gode wa Allah da babbar murya a gidan nan kamar yadda baƙuwar ke gode masa safe da yamma ba.

A waje ma magana ta juya. A bakin rijiya matan da suka taɓa rige-rigen aron kitson Adarawa suka koma janye gugansu in Ba'adara ta matso. A zauren Malam Siddiƙu, bayan la'asar, dattawa suka bar karatu suka kama zancen baƙi. Wata rana Dijatu ta kawo furar Malam, ta tsaya a bayan ƙofar da ta shiga cikin gida tana jiran a tashi, ta ji komai.

Tambari majemi ne ke magana, wanda Adarawa suka yi wa noma har maimai. "Su sunka tsauwala hatsi kasuwa. Kafin su zo wa ya taɓa jin haka? Mutum shi tahi da safe ya iske sun kewaye masu awo kamar fara."

"Ni abin da ka ba ni tsoro," in ji Sodangi mai unguwa, "an ce cikinsu akwai masu kai wa Faransa rahoto."

"Rahoton mi? Na yunwa?" wani ya tambaya daga baya, aka yi dariya kaɗan, aka bar ta ta mutu.

Malam Siddiƙu ya gyara murya. Ya ce a duba da kyau, hijira tana da sharuɗɗa. Ya ce wanda ya gudo don addininsa daban, wanda ya gudo don cikinsa daban, kuma da aka bincika waɗannan ciki ne ya koro su. Ya ce sadaka daga gida take farawa, kuma ƙafarsu tun da ta taka garin nan hadari bai sake tsayawa ba, mai hankali ya yi tunani. Nan take aka shirya cewa duk baƙon da ba shi da maigidan da zai tsaya masa a unguwar, a raka shi Ƙofar Kware ya kama hanyar da ya biyo. Sodangi ya ce zai sa rana.

Da mutane suka watse Dijatu ta durƙusa daga nesa ta tura ƙwaryar.

"Malam, ina da magana."

"Ina jin ki."

"Illo na lalacewa. A bar mishi nono guda, yadda anka ce tun farko."

Malam ya ɗaga faifai ya leƙa furar, ya juya ludayi. "Wagga magana ta cikin gida ta. Ki hwaɗa ma Inna."

"Inna ta hana."

"To kina son in ɗaga murya bisa wadda ta haife ni?"

"To akuyar gidanga, Malam. Ko ludayi guda da sahe."

Akuyar tana ɗaure a gindin ƙurna, nononta ne ke cikin furar da ke gabansa. Malam ya ce yana fama da basir, an hana shi fura gaya. Ya ce kowane yaro da rabonsa aka haife shi, ba nono ke rayarwa ba, Allah ke rayarwa. Sannan ya sassauta murya, ya zama mai tausayi.

"Kin ji abin da anka yanke yanzu. Da ba domin gidanga ba, da ke ma rana guda za a kore ki da 'yan'uwanki, ki mutu bisa hanya ke da yaron. Mun rufa miki asiri. Kada ki leƙa waje, kada ki sa a san da ke. Mutum shi san alheri."

"Na gode, Malam."

Ya kai ludayi baki.

Sadiyatu ta gwada sau ɗaya. Yarinya ce mai sanyin magana, kunyar ɗan fari ta hana ta ko ɗaukar Hayatu a gaban surukarta, ko kiran sunansa. Suna tankaɗe ita da Inna ta ce, idonta a kan rariya, "Inna, yaron nan ya isa shan kunu. Haƙoransa sun hito. Da an rage mishi, ɗan'uwansa shi samu."

"Wane ɗan'uwa?"

"Nono guda sunka sha."

"Ke da naki nonon ya kashe tururuwa, ke za ki koya min goyo? Jikan malamai sai ya cika shekara biyu. Tankaɗe ki yi."

Sadiyatu ta ci gaba da tankaɗe.

Maganar ta ba Inna shawara, amma ba wadda aka nufa ba. Tunda haƙori ne hujja, ai Illo ya girmi Hayatu da wata guda. Ta ce a yaye shi. A al'ada yaron da za a yaye gidan kakarsa ake kai shi don ya manta da nono. Illo ba shi da kaka a Sakkwato, sai Inna ta buga ƙirji ta ce ita ce kakarsa, ai tun ranar farko ta ce tagwaye ne. Aka ɗauke shi daga shimfiɗar uwarsa aka mayar ɗakin Inna, bayan gadonta, inda hannun Dijatu ba zai kai ba sai ta tsallake tsohuwa. Malam ma bai yi rowa ba. Ya cika allo da rubutun dangana, ya wanke a ƙwarya ya aiko a ba yaron. A tawada dai ba a taɓa kama gidan nan da ƙyashi ba.

Illo ya yi kuka har muryarsa ta dushe. In Dijatu ta zauna a kan turmi da Hayatu a ƙirji, shi kuma yana rarrafowa daga ƙofar Inna, sai Inna ta sa ƙafa ta tare shi, ba da mugunta ba, kamar yadda ake tare kaza daga shanya. Daga baya ya daina rarrafen. Gashinsa ya yi ja, ya yi laushi kamar na masara. Cinyoyinsa suka zube fata ta yi naɗi, ƙafafun kuma suka kumbura, in an danna yatsa ramin ya daɗe bai cika ba. Inna ta nuna wa wata maƙwabciya ƙafafun ta ce, "Duba yadda ya yi ƙiba tun da na karɓe shi." Kunun dussa yana shiga yana fita yadda ya shiga. Dijatu ce ke wanke tsummokaran, tana gani.

Sannan ya daina kuka. Ya koma zama inda aka ajiye shi, kai a langaɓe, ƙuda na sauka a gefen idonsa ba ya kora.

"Kun gani? Ya dangana," in ji Inna. "Rubutun Malam ba wasa ba."

Sadiyatu ta sami Dijatu a wurin wanki, ta tsuguna kamar mai neman sabulun salo, ta yi magana ƙasa-ƙasa. "Yaya, ƙanena haka ya yi. Da ya bar kuka bai daɗe ba."

Dijatu ba ta ɗago ba. Hannunta ya tsaya a cikin ruwan, sannan ya ci gaba da cuɗa.

Ranar da Sodangi ya sa ta zo. Da hantsi mai shela ya ratsa unguwa yana cewa duk baƙon da ba shi da mai tsaya masa ya hallara a ƙofar mai unguwa da kayansa. Malam ya sa rigarsa ta Juma'a ya fita, don yana cikin masu shaida. Inna ta ce wa Dijatu ta shige ɗakin girki ta zauna har a gama, in Hayatu ya tashi barci a kawo mata shi can. Ita kuma ta ɗauki buta ta zagaya.

Sadiyatu ta shiga ɗakin Inna ba sallama, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta fito da Illo a hannu, ta kai ɗakin girki, ta ɗora shi a bayan uwarsa, ta kama mata zane. Ta kwance wani ƙulli daga haɓar zaninta, garin gero ne da ta daɗe tana tarawa daga bakin rariya, ta cusa mata a ƙugu.

"In kin zauna kin san abin da za ya faru," in ji ta.

"Naki fa?"

"Nawa na da haƙora, kuma yana da uwa."

Dijatu ta ratsa tsakar gida, ta ratsa zaure, ta fita titi, karo na farko tun da aka rufa mata asiri.

Ƙofar Sodangi cike take. Adarawa suna zaune a rana a gefe guda, tsofaffi da mata da yara, jakunan da suka zo da su an riga an cinye ko an sayar. 'Yan unguwa suna tsaye a inuwa. Dijatu ta bi ta tsakiya ta durƙusa a gaban shimfiɗar mai unguwa.

"Ranka shi daɗe, an manta da ni. Ni ma baƙuwa ta."

Malam Siddiƙu ya miƙe har rawaninsa ya karkace. "Ke! Wa ya hiddo ki? Koma gida!"

"Malam ka san ta?" in ji Sodangi.

"Wagga ba ta cikinsu. Ta gidana ta."

"Daga ina kike, ɗiyata?"

"Daga Adar, ranka shi daɗe. Tare munka zo da waɗanga."

Tambari majemi ya yi tsaki. Shi an riga an fitar da mutum uku daga rumfar bayan gidansa da safen nan, kuma ya fara tunanin wa zai ɗebo masa ruwan jima. "Ashe Malam da naka a ɓoye? Kai ka ce muna ƙafarsu ta hana ruwa. Ko ƙafar taka ba ta taɓa ƙasa?"

Aka yi dariya, har cikin Adarawa. Malam ya ɗaga hannu, ya koma muryar karatu. Ya ce jama'a su ji tsoron Allah, su bambance. Ya ce wannan mata ta shayar da ɗansa, kuma shari'a ta ce wadda ta shayar uwa ce, abin da jini ya haramta nono ya haramta. Ya ce ita uwar Hayatu ce, ɗanta kuma ɗan'uwan Hayatu ne, shaƙiƙi a hukunci, wa ya taɓa jin an kori uwa daga gidan ɗanta? Ya kawo larabci, ya fassara. Ya yi kyau ƙwarai. Tun da aka fara yunwar ba a ji ya yi karatu mai daɗi haka ba.

"To madalla," in ji Sodangi. "Ina ɗan'uwan nasa?"

Dijatu ta kwance goyo. Ta ɗora Illo a kan tafukanta biyu ta miƙa gaba, yadda ake miƙa kaya a gani. Kansa ya faɗa baya. Wuyan kamar na ɗan tsako, cikin a kumbure, idon a buɗe ba ya kallon kowa.

Dariyar ta tsaya. Wata tsohuwa cikin Adarawa, wadda ta kwana uku ba ta ga tuwo ba, ta ce, "Wanga daga gidan mai rumbu ya hito? Namu na kan titi sun fi shi."

"Ciwon haƙori na," in ji Malam. "Ana mishi magani."

A nan Inna Atika ta iso, lulluɓe da zane har ido, tana haki. Ta daɗe ba ta taka titi da rana ba, amma Hayatu ya tashi, kuma ana jin ihunsa har nan. Ta wuce ɗanta ta tsuguna a gaban Dijatu, ta kama mata hannu da hannu biyu.

"Ɗiyata, mi munka yi miki? Ba mu ci da ke ba? Ba mu sha da ke ba? Taso mu tahi gida, ɗanki na can na kuka. Kada ki kunyata mu gaban mutane."

Sodangi yana son a gama kafin rana ta take. Ya ce magana mai sauƙi ce, Malam ya tsaya mata, tana da damar zama, ba mai taɓa ta. Ya ce ta yi tunani, hanya ba ruwa sai Kware, bayan Kware kuma sai abin da Allah ya yi, kuma can inda za ta ba a ce an yi girbi ba.

Dijatu ta dubi Inna. Gaban zanin Dijatu ya jiƙe da nono, don tun asuba ba a sha ba.

"In na koma, Inna, wa za shi hwara sha?"

Kalma ɗaya ake nema. Ko ƙarya ce da ta wadatar, don ba wanda zai bi su cikin gida ya duba. Amma Inna ta saba da gaskiyarta har ta manta ana ɓoye ta.

"Ai kin san Hayatu shi na ƙarami," in ji ta. "Kuma wanga an riga an yaye shi, ba a maida yaro ga nono bayan yaye, wauta shika yi."

Dijatu ta zare hannunta. Ta tashi ta koma cikin rana, ta zauna a ƙasa tsakanin 'yan ƙasarsu, ta juya wa inuwa baya. Ta fito da nonon dama ta kai bakin Illo. Bai kama ba. Ta matsa da yatsa biyu, ya ɗiga a leɓensa, ya gangara ta gefe. Ta sake matsawa. Tsohuwar nan ta matso ta tallafe masa ƙeya, ta shafa maƙogwaronsa da ɗan yatsa tana cewa, "Haɗiye, ɗan nema, haɗiye." Ya haɗiye. Harshensa ya motsa. Can sai leɓen ya rufe, ya ja sau ɗaya, ya huta, ya sake ja.

Malam yana ta magana a bayanta. Ya yi alkawarin akuya, ya yi alkawarin ɗaki nata, ya koma ya ce butulci babban zunubi ne. Ba ta waiwaya ba. Da aka ce a tashi ta tashi da yaron a ƙirji, ta bi sahu har Ƙofar Kware.

Hayatu ya yi ihu har azahar. Sadiyatu ta ɗauke shi a gaban Inna, ta zaunar da shi a cinya, ta ba shi kunun gero da ludayi. Ya tofar, ya tofar, ya sha. Yana nan da ransa, ya fi kowane yaro a layin ƙiba. Abin da aka kusa kashe ɗan mutum a kansa ke nan.

Damina ta zo da kyau, ciyawa ta taso ta fi ƙarfin masu gona. Sai ga dattawan nan a zaure suna cewa Adarawa dai ba su da na biyu a noma, mutane ne masu amana, ba irin 'yan gari malalata ba. Tambari ya aika har bakin iyaka a yi masa cigiya. Malam ya ce shi dama bai taɓa yarda da korar ba, rinjaye aka yi masa. Inna kuwa a kowane suna da biki tana ba da labarin Ba'adarar da ta ɗauka kamar ɗiya, ta ci ta sha, ta tsere ta bar mata jinjiri. Mata suna tafa hannu suna salati.

Baƙin nan su ne jiya, su ne yau, hannu biyu da ciki ɗaya suka zo da su. In ana bukatar hannun sai a ce musu muhajirai, in aka tuna da cikin sai a ce musu fara. Wanda yake son sanin matsayin baƙo a unguwarmu kada ya wahalar da kansa zuwa zaure jin karatu, ya leƙa rumbu, can ake yanke hukuncin, malamai sai dai su sa masa larabci.

Labarin Illo ɗaya ne ya dawo gari. Cikin waɗanda Sodangi ya sa rakiya har garin Kware akwai wani Junaidu, mai sayar da itace. Kwanaki bayan nan ya kawo itace gidan Malam, Sadiyatu ta tsaya a bayan ƙofa ta tambaye shi ko ya ga wata mai goyo a ƙirji.

"Wannan? Kar ki tuna min," in ji Junaidu. "Mun kwana Kware da su. Da sahe muna juyowa ɗan nata ya buɗe baki. Ƙaramin abu awa ɓera, amma ihu har mun yi nisa muna jin shi. Ya hana kowa sakat."

Ya ga ta jingina da bango ta rufe fuska da zane, ya ɗauka ya faɗi abin da bai kamata ba, ya fara ba ta haƙuri.

"Ƙara hwaɗi," in ji Sadiyatu. "Da ƙarhi yake kukan?"

"Wallahi da ƙarhi."

Ta ce ya ajiye itacen, ta shiga ta ɗebo masa ruwa.